Damin Irin Iya

Yanzu idan ka shiga ɗakin girki a ƙauyenmu ka ɗaga kai, rufin kwano za ka gani, ba abin da ke rataye sai wayar lantarkin da ba ta cika kawo wuta ba. Irin shuka kuwa a leda yake zuwa, an turmuje shi da jan magani, mai babur ya ɗauko maka shi daga Roni ko Kazaure har ƙofar gida. Ban ce hakan bai yi ba. Na ga amfaninsa da idona, kuma ni ba na cikin tsofaffin nan da suka yanke wa duniya hukuncin lalacewa tun ranar da haƙoransu suka fara zubewa. Amma akwai abubuwan da suka tafi ba sallama, sai wani ɗan ƙaramin abu ya tuno maka da su. Ni jikata ce ta tuno min, ran nan da la'asar, tana zaune a bakin tabarmata tana haddar darasin makaranta a kan yadda aka rarraba halittu masu rai. Ina jin ta sai na ji warin hayaƙin kara a hancina, alhali ba mai hura wuta a gidan.

Gidan da na tashi a ciki yana gindin dutse ne, a zamanin da Turawa ke riƙe da ƙasa. Ba agogo a gidan, kuma ba mu taɓa rasa sanin lokaci ba. Luguden taɓarya ke tashe mu, ƙarar guga a bakin rijiya ke gaya mana hantsi ya yi, kukan awaki a bayan danga ke cewa a kunce su. Babana da ƙannensa su ke noma, gandu ɗaya, rumbu ɗaya. Amma iri ba nasu ba ne. Iri na Iya ne, mahaifiyar babana, 'yar guntuwar tsohuwa mai saurin tafiya da saurin baki. Wata kaura ce mai manyan ƙwayoyi da ta zo da ita a ƙwarya daga gidan ubanta can wajen Gwiwa, ranar da aka kawo ta aure, kuma tun daga ranar ba a taɓa shuka wata dawa a gonarmu ba. Kowace shekara, kafin maza su sa lauje, sai ta zaga gona layi-layi tana zaɓar zangarniyoyin da suka fi cika, ta ɗaure su dami guda, ta sa a rataye mata a tsaikon ɗakin girkinta, daidai saman murhu, inda hayaƙi zai hana ƙwari zama. Daga nan ba mai sake taɓa damin nan sai ita. Babana da gemunsa, in ya shiga ɗakin, sunkuyawa yake yi kada hularsa ta goge shi. Maƙwabta kuma in damina ta kusa sukan turo a roƙar musu ko da tafi ɗaya ne na irin Iya.

Ni ne mai riƙe mata kwando a zagayen nan. Maigidanta take ce min, irin wasan kaka da jika, wai miji ne ni marar amfani, ko gishirin miya ban taɓa kawo mata ba. A hanya kuwa bakinta ba ya hutawa, kuma a nan na fara jin yadda ta raba halittun Allah gida uku. Akwai masu tafiya, tun daga raƙumi har kiyashi, su ke fita neman abinci. Akwai masu saiwa, su ke tsayawa wuri ɗaya su yi kore su sama wa kansu abinci daga ƙasa da rana. Sai gida na uku, da take kira cima-zaune. Su ba sa tafiya, ba sa kore, ba sa fure, jira suke wani ya wahala su kwanta a kai. A nan ta sa funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, da naman kazan da ke ɓullowa a ruɓaɓɓen kututture bayan ruwa, da babbar abokiyar gabarta, burtuntuna. Na taɓa tambayarta wuta-wuta fa, tunda ita ma jinin dawa take sha. Ta ce wannan ɓarauniya ce ƙwarai, amma 'yar gidan masu saiwa ce, ba ka ga tana yin fure ba?

Yaran yanzu da yawa ba su san burtuntuna ba, don jan maganin nan ya kusa raba su da ita. Zangarniyar dawa ce za ka gani kamar lafiyayya, sai ka matsa kusa ka ga a madadin kowace ƙwaya wata 'yar jaka ce, in ka murza ta fashe da baƙin gari. Iya ba ta haɗa ta da komai. Wuƙarta daban, wata tsohuwar fasasshiyar tukunya daban, a ciki take tara ta, ta ajiye a bayan gona, sai an gama zagaye ta cinna mata wuta. Sannan ta wanke hannu da toka har gwiwar hannu kafin ta kusanci damin iri. Takan ce baƙin garin nan 'ya'ya ne, ido ne kawai ba ya rabe su, kuma hawa bayan iri suke yi su bi shi har cikin rami. A lokacin ban ɗauki wannan wani ilmi ba. A ganina haka kowace kaka take surutu.

Sai ga boko ta iso mana. Aka ce wa dagaci ya kawo yara makarantar elemantare ta garin hakimi, rabo ya faɗo gidanmu, ya faɗo kaina. Babana bai so ba ko kaɗan. Ya faɗa a gaban kowa a zaure cewa duk ranar da karatun nan ya shigo masa da wata ɓarna gida, ranar zai cire ni, ko da kuwa za a kai shi gaban hakimi, kuma shi ba mutum ne mai magana biyu ba. Iya ce ta ce a bar yaro ya je, ba a san inda rana za ta faɗi wa kowa ba a wannan sabon zamani. Ni kuwa sai Allah ya sa min son makarantar kamar me. Ina son ƙarar guntun ƙarfen da ake bugawa a gindin bishiya, ina son ƙamshin alli, ina son yadda haruffa ke tafiya daga hagu kamar masu taurin kai. In an ce gobe ba makaranta har raina ɓaci yake.

Wata rana, daidai lokacin da dawa ta fara nuna, malaminmu ya ja layi ɗaya a tsakiyar babban allo. Saurayi ne mai sanyin hali, ba ya duka sai ta kama dole. Ya ce duk wani mai rai a duniya ɗayan biyu ne, ko dabba ko tsiro, abin da bai shiga nan ba bai shiga can ba kuwa ba shi da rai, kamar dutse da ruwa da toka. Na ɗaga hannu na ce ina gida na uku, gidan cima-zaune? Aji ya kwashe da dariya. Malam bai yi dariya ba. Ya tambaye ni su wane ne a gidan, na lissafa masa. Ya buɗe littafinsa ya yi ta juya shafi, ya ce naman kaza dai ga shi an sa shi cikin tsirrai. Burtuntuna kuwa bai gan ta ba, amma a ganinsa ƙwaya ce da ta lalace ta ƙone, baƙin garin nan bai wuce kunkunniyar da hayaƙi ke tarawa a rufin ɗaki ba. Ban taɓa ganin laifinsa ba, har yau. Abin da ke hannunsa ya ba mu, bai ɓoye komai ba.

Na dawo gida kaina ya kumbura. Na tarar da Iya tana kaɗa miya, na tsaya a bakin ƙofa ko sallamar kirki ban yi ba, na gaya mata duniya gida biyu ce ba uku ba, burtuntunar da take ta wahalar ƙonawa kuma ko rai ba ta da shi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To, Malam Boko, sannu da zuwa. Shi littafin naku gonarsa tana ina, in je in ga yadda dawarsa ta yi bana?" Matan gida suka yi ta dariya. Dariya biyu ke nan a yini ɗaya, can an yi min don na bi Iya, nan an yi min don na bi littafi.

Ba a jima ba Malam ya sanar da mu Baturen makaranta zai zo duba mu, kowa ya kawo wani abu daga daji ko gona, ya rubuta sunansa a 'yar takarda ya ɗaura, a jera a kan tebur, dabbobi a dama tsirrai a hagu. Nan take na ƙudurta burtuntuna zan kai, Bature ya raba wannan gardama, in dawo in rufe bakin tsohuwa. Na zagaya bayan gona na zaro 'yan zangarniyoyi daga fasasshiyar tukunyar Iya kafin ta ƙona su, na rubuta takardata na ɗaura. Saura wurin ɓoyewa har ranar ta zo. In na ajiye a ɗakinmu ƙannena za su wargaza, a waje kaji da awaki, in Iya ta gani kuwa wuta. Na duba gidan kaf, wuri ɗaya ne ba mai kai hannu. Ranar da ta tafi barkar haihuwa a unguwar gaba, na jawo turmi na kifa, na hau, na cusa su can cikin tsakiyar sabon damin iri. Har na ji daɗin dabarata. Na ce a raina ai damin ma baƙin hayaƙi zai yi, kunkunniya ce za ta kwana da 'yar'uwarta.

Da safiyar zuwan Bature na sake hawa turmi cikin gaggawa, Iya tana bakin rijiya. Na fizgo su, jakunkunan suka farfashe, baƙin gari ya zube cikin damin. Na girgiza shi don garin ya shige ciki kada a gani, na ruga. Sai a hanya na lura takardar ta ɓace, na rubuta wata a aji. Baturen dogo ne, wuyansa ja, Hausarsa ta hanci. Da ya iso kan kayana ya ɗaga zangarniyar da yatsa biyu, ya faɗi wata kalma da Turanci, ya ce wannan ciwon dawa ne, wani ƙanƙanin tsiro ne mai rai, kuma ta jikin iri yake yaɗuwa, a yi nesa da shi da rumbu. Ya ajiye ta a hagu, ya kakkaɓe yatsunsa, ya wuce wurin kunkurun da wani yaro ya kawo. Shi ya manta da maganar kafin ya kai ƙarshen tebur. Ni kuwa hankalina ya koma kan damin Iya.

A nan ne laifina na gaskiya ya fara, don abin da ya wuce wauta ce ta yaro. Daga kaka zuwa shuka wata nawa ne? Duk ina da su. Kalma ɗaya ce zan faɗa, Iya ta sauke damin ta san yadda za ta yi da shi, ko ta nemo irinta a hannun maƙwabtan da ta ba bara. Amma in na faɗa babana zai ji, in ya ji makaranta ta ƙare. Kullum in na shiga ɗakin cin tuwo sai in ƙi ɗaga kai. Na yi ta lallashin kaina cewa hayaƙi zai kashe ta, tunda yana kashe ƙwari. Da bazara ta yi Iya ta sauke damin ta sussuke shi a turminta. A shekarun kuwa yanar ido ta fara rage mata gani, tana ɓoyewa, ta fi dogara da hannu da hanci, ga shi hayaƙin wata da watanni ya mayar da komai launi ɗaya da wari ɗaya. Ta sheƙe, ta auna wa maza, ta ɗibar wa maƙwabta biyu da suka roƙa. Ina tsaye ina kallo, har ni na riƙe mata faifai.

Damina ta yi kyau a shekarar. Dawa ta tashi kore shar, ta fi mutum tsawo, har na fara sakin jiki ina cewa Allah ya rufa asiri. Sai da ta fitar da kai. Na bi Iya zagaye da kwando kamar kullum, ta kai hannu zangarniyar farko ta murza, ta dubi yatsunta kusa da ido. Ta matsa gaba ta murza wata. Ba layin da ba ta samu ba, wani layin ma baƙin ya fi farin yawa. Haka tsohuwar ta zaga gonar nan tun hantsi har azahar tana murzawa. Rumbunmu bai yi rabi ba a shekarar. Kafin wata kaka mun ci tafasa da rama har sun gundure mu, ƙannen babana biyu suka tafi cin rani tun ba a saba tafiya ba, maƙwabtan nan kuma matansu suka riƙa yada magana a bakin rijiya cewa irin Iya ya zama abin gudu.

Bayan girbi maza suka zauna a zaure suka yanke shawara. Babana ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ya cire hula, murya ƙasa-ƙasa, ina bayan danga ina ji. Ya ce, "Iya, kin yi mana shekara da shekaru, Allah ya saka. Amma ido ya gaji. Ki huta, na yi magana da wani aminina a wajen Babura zai ba mu iri." Na jira ta yi masa irin wankin da ta saba yi wa duk mai taɓa mata aiki. Sai na ji ta ce, "Haka ne, ido ya gaji." Shi ke nan. Kaurar da ta zo da ita daga gidan ubanta ta ƙare a gidanmu daga wannan shekara, kuma ban sake cin tuwo mai zaƙinta ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, maza suna gona suna tara kara, ta kira ni ɗakin girki. Tsaiko fayau, sai igiyar da ke lilo. Ta kunce bakin zanenta ta fito da wata 'yar takarda da hayaƙi ya rine, ta ce tun ranar da muka dawo daga zagaye ta hau turmi ta yi ta laluben rufin ɗaki tana neman ta inda ɓarna ta shigo mata, hannunta ya ci karo da wannan a maƙale. Ita ba ta karatu, amma ta san mutum ɗaya ne a gidan yake irin wannan rubutu.

"Maigida, karanta min."

Na karɓa. Na karanta mata abin da na rubuta da kaina: "Burtuntuna. Ba ta da rai."

Ban san lokacin da na zube ƙasa ina kuka ba. Na gaya mata komai, na ce yanzu zan je gona in faɗa wa Baba ba idonta ba ne, ni ne. Ta riƙo wuyan rigata ta zaunar da ni.

"Ka faɗa masa yau, gobe ka bar makaranta, ka san halin ubanka. Dawa ta riga ta tafi. Ba zan bari karatunka ya bi ta ba."

Ta karɓe takardar ta jefa a murhu. Sannan, kamar ba abin da ya faru, ta tambaye ni shi Baturen me ya ce. Na ce ya ce tana da rai, amma tsiro ce. Ta taɓe baki ta ce ya gano rabi, ba laifi ga wanda ba ya cin dawa. Ta ce in zauna a makarantar in yi ta karatu, masu littafin nan suna tafe a hankali, duk ranar da suka gano gidan burtuntuna na gaskiya in zo in gaya mata. Ta miƙo min ɗumame ta ce in ci in ba ta wuri, miji sai kuka kamar jariri.

Na zauna a makarantar. Na wuce gaba, na yi aikin ofis har na yi ritaya, duk abin da na ci na ciyar a rayuwata ta ƙofar nan ya shigo. Iya ta yi 'yan shekaru bayan haka, idon ya rufe gaba ɗaya, tana zaune a inuwa tana tsinke zogale ana ce mata sannu tsohuwa, ba mai sake turowa neman irinta. Ta rasu ina makarantar gaba. Babana ma ya rasu yana ganin tsufa ne ya ci dawarsa, ban taɓa samun ƙarfin gaya masa ba, kuma wannan kunyar da ita zan shiga kabari. Ilmin halittu kuwa ban sake bi ta kansa ba, na ɗauka har gobe layi ɗaya ne a tsakiyar allo.

Shi ya sa ran nan da na ji jikata tana lissafa gidajen masu rai ta wuce biyu, ta wuce uku, har biyar, na tashi zaune. Ta ce biyu na ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, sai dabbobi, sai tsirrai, sai wani gida daban na su funfuna da naman kaza. Na tambaye ta burtuntuna fa. Ba ta san kalmar ba, sai da na kwatanta mata. Ta duba littafinta ta ce ai ga hotonta, tana gidan su funfuna. Ta karanta da Turanci tana mayar min da Hausa, wai an raba su da tsirrai ne don ba sa kore, ba sa haɗa abincin kansu, a kan abin da wani ya haɗa suke rayuwa, kuma da wani gari mai laushi suke haihuwa.

Na ce ta sake karantawa. Ta sake. Na ce ta ƙara, a hankali, ta ɗaga murya.

Ta yi dariya ta ce, "Kaka, kunnen ne ya fara tafiya?"

Na ce, "Ni na ji tun farko. Karanta dai. Akwai wadda ta ce in zo in gaya mata."